Gali Tela da Aljihun Ɗanyar Fata

Duk wanda ya ci kasuwar Gwarzo a shekarun nan na bayan yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya ce bai san Gali tela ba, to a duba masa kunne. Gali ba a ganinsa sai an riga an ji shi. Tun daga bakin kasuwa za ka jiyo muryarsa yana ba da labarin yadda ya yi wa soja ɗinki a birnin Kano, da yadda wani Bature mai anini a kafaɗa ya riƙe masa hannu yana roƙon ya bi shi ƙasarsu. Gaskiyar maganar, wadda kowa ya sani amma ba mai faɗa don ana jin daɗin hirar, ita ce bakin buhun gyaɗa ya yi ta ɗinkewa da basilla a gindin dalar gyaɗa. Daga nan ya dawo gida da sunan tela.

Keken ɗinkin da yake taƙama da shi ma ba nasa ba ne. Na Gwaggo Dela ne, ƙanwar mahaifinsa, wani baƙin keken hannu mai zanen ruwan zinariya da mijinta ya rasu ya bari. Ta ba Gali aro ya kama sana'a, shi kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora wa keken. A nan kam ba zan zalunce shi ba. Kullum sai ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya lulluɓe shi in hadari ya taso. Ɗinkin ne kawai Allah bai hore masa ba. Ya yi wa ladan wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya ce ƙafafun ladan ne ba daidai ba. Ya yi wa wani ango riga wuyan ya sauko har cibiya, ya ce haka ake yayi a Fagge. Wanda aka ɓata wa yadi kuwa ba ya tsayawa ja-in-ja da Gali, don ba a gama magana da shi. Gidan Gwaggo Dela yake wucewa ya yi sallama.

Ranar da abin ya ishe ta, ta aika aka kira shi. Ya durƙusa zai fara bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Ka ji ni da kyau, Gali. Mutum ɗaya ya sake kawo mini ƙararka ƙofar gidan nan, keken nan Kabo za shi, wajen Jibirin mijin 'yata Saudatu. Shi ba ya surutu, amma wandonsa ƙafa biyu daidai."

Gali ya fita yana dariya, yana ce wa mutanen zaure tsohuwa ce da rigima. Amma ya san Gwaggo ba ta faɗar magana sau biyu. Sai ya ƙudurta a ransa zai yi wani aiki guda da zai rufe bakin kowa, wanda za a riƙa zuwa gani daga Madadi har Durun.

Ana nan sai ga Baƙo, heluman leburorin hanya. A zamanin nan hanyar Kabo jar ƙasa ce, in aka yi ruwa mota ta bi ta a jiƙe sai ta kwaɓe ta. Don haka aka kafa shinge a bayan gari, dogon itace da sarƙa da kwaɗo. Ana yin ruwa Baƙo zai kulle, sai rana ta busar da hanya ya buɗe. Makullin yana aljihun kwat ɗinsa ta kaki, tare da ƙusoshi da igiyar awo da goro, har aljihun ya gaji ya huje. Sau ɗaya makullin ya faɗi a ciyawa aka wuni nema, Baturen hanya ya yi masa wankin babban bargo a gaban yaransa. Abin da ya kawo shi wajen Gali ɗan maho ne kawai.

Gali ya ɗaga kwat ɗin da yatsa biyu, ya leƙa ta hujin, ya girgiza kai. Ya ce maho aikin masu koyo ne. Shi zai yi masa aljihun da jikokinsa za su gada, irin wanda ya yi wa soja suka zuba harsashi suka ratsa dajin Bama da shi. Baƙo ya ce shi ba shi da harsashi, makulli ne. Gali ya ce ai shi ya sa ake ce masa heluma ba injiniya ba, ba ya hangen nesa. Kafin Baƙo ya ankara, Gali ya sa shi ya tattaro har kwat-kwat ɗin manyan leburorinsa.

Da farko yadin algarara ya yanko, ya ninka ta da kaki, ya sake ninkawa, ya danna wa keke. Da ya gama sai ya tara mutane a gaban rumfa don su shaida. Ya sa kwat ɗin, ya aro ɗan dutsen niƙa ya jefa a aljihu, ya ce kowa ya buɗe ido, ya daka tsalle. Dutsen ya yi waje ta ƙasa, ya sauka a kan babban ɗan yatsansa na ƙafa. Yana ɗingishi yana cije leɓe, ya ce da gangan ya yi, don jama'a su ga da idonsu cewa yadi ba abin dogaro ba ne.

Maƙwabcin rumfarsa, Datti baduku, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce masa in fata yake so, ga guntayen jemammiya nan, ya ɗan kewaya bakin aljihun da kusurwoyinsa, shi ke nan. Gali ya dube shi da tausayi. Ya ce jemammiyar fata an jiƙa ta a bagaruwa, an buga ta, an murje ta har ƙarfinta ya fita, ba ta da amfani sai rufin laya da jakar mata.

"Malam Datti, da me ake yin garkuwa? Da me ake rufe ganga? Ba da ɗanyar fata ba?"

"Da ita ne," in ji Datti. "Sai dai ban taɓa ganin mai sa hannu a cikin ganga ba."

Gali ya ce wannan ita ce hassadar da ta hana garin nan ci gaba. Ya wuce mahauta ya sa aka yanko masa ɗanyar fatar sa, ya kankare gashin, ya yayyanka. Ya cusa ta a ƙarƙashin keke, ya juya hannu sau ɗaya, allura ta ce ƙaras, keken ya yi wani nishi. Nan take Gali ya janye fatar, ya shafa keken yana ba shi haƙuri a hankali yadda ba mai ji. Ya koma wa basillarsa ta buhun gyaɗa, ya yi ta caka yana ja da haƙori. Da ya haɗa aljihunan, sai ya cusa wa kowanne sakaina a ciki don ya bushe baki buɗe, ya shanya su a kan rumfa.

Kafin su bushe, layin nan na kasuwa ya gane kurensa. Ƙudajen garin kaf suka yi ƙaura zuwa rumfar Gali. Lukuman mai tsire ya kwashe tukubarsa ya koma can gefen 'yan gishiri, yana cewa masu saye sun fara tambayarsa naman yaushe ne. Karnuka suka zo suka zauna a layi suna kallon sama, ungulu biyu suka sauka a kan rumfar ba su da niyyar tashi. Gali ya ce wa masu toshe hanci ƙanshin ƙarfi ke nan, wanda bai fita waje ba ba zai gane ba.

Ranar da Baƙo ya zo karɓa, Gali ya zare sakainun, ya ajiye kwat ɗin a ƙasa, ta tsaya da kanta. Aljihunan sun bushe ƙamas, sun hangame baki hagu da dama. Baƙo ya sa ta, hannuwansa suka kasa sauka jikinsa, sai ya tsaya a bubbuɗe kamar mai ƙurji a hammata. Gali ya jefa dutsen niƙan nan a ciki, ya ce ya yi tsalle. Baƙo ya yi tsalle, dutse bai faɗo ba. Kasuwa ta ɗauki sowa, Gali ya bi rumfa rumfa yana karɓar gaisuwa, har wadda ba a yi masa ba.

Ba a jima ba Baƙo ya dawo fuska a murtuke. Ya ce duk inda ya sa ƙafa karnuka na biye da shi, matarsa ta hana kwat ɗin kwana a ɗaki, a masallaci kuma sahunsa shi kaɗai ne. Ya ce gidan Gwaggo Dela za shi. Gali ya yi wuf ya tare shi. Ya riƙe shi, ya zaunar da shi, ya ɓare masa goro, ya rantse masa cewa ruwan sama ɗaya fatar take jira. Da ya dake ta wari zai tafi, ta yi laushi kamar audugar rimi. Shi kansa bai san inda ya samo wannan magana ba, amma da ya faɗe ta sai ya ji ya yarda da ita.

Ruwan kuwa ya zo ranar kasuwar Gwarzo da safe, kamar da bakin ƙwarya. Baƙo ya ruga ya kulle shinge, ya jefa makulli a aljihu, ya tsaya a nan ruwa ya yi masa jagab. Fatar ta sha ruwa ta saki, ta yi laɓo-laɓo, har Baƙo ya ce a ransa ashe telan nan wani lokaci yana faɗar gaskiya. Da rana ta buɗe, shi da yaransa suka tuɓe kwat-kwat ɗin suka shimfiɗa a kan wani falalen dutse, suka koma inuwa suna jiran hanya ta sha iska. Rana ta yi ta dukan dutse, dutse yana gasa fata, ba sakaina a ciki balle ta riƙe mata baki.

A can cikin gari Gali ya ji labarin Baturen hanya yana tafe rangadi ta Kabo. Ya ga ranar da yake jira ta zo. In Bature ya ga aljihun nan, ai sai ya naɗa shi telan leburorin lardi gaba ɗaya, Gwaggo kuma ta zo da kanta ta ce ya riƙe keken har abada. Ya zura babbar rigarsa ta salla, ya rataya almakashi a wuya don kada a ɗauke shi wani, ya nufi shinge.

Ya tarar hanya ta bushe, mutane sun taru. A ƙetaren shingen ga wata babbar motar 'yan kasuwa daga Kabo, an yi mata lodi har sama, direba yana ta danna ƙaho. Baƙo yana tsaye da kwat a jikinsa yana jijjiga ta. Aljihun ya ƙanƙance, ya tsuke baki, ya murɗe kamar busasshiyar kuɓewa, makulli yana ta ƙara a ciki. Yatsa biyu ma da ƙyar suke shiga. Leburorin su ma kowa na fama da nasa, wani usur ɗinsa ne a ciki, wani yana cewa shi goronsa kawai za a fito masa da shi.

Gali ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, haka aka tsara shi, maganin ɓarayin kasuwa ne. Baƙo ya ce to shi mai aljihun ta ina zai shiga. Gali ya karɓi man gyaɗa wajen wata mata a cikin motar, ya shafe hannun Baƙo har gwiwa, ya ce ya tsuke yatsu. Ya kama gwiwar ya danna da iyakar ƙarfinsa. Hannu ya shige, Baƙo ya yi ƙara, ya ce ya kama makullin. Gali ya juya wajen jama'a ya buɗe hannuwa, yana jiran yabo.

Hannu kuwa ya ce bai san zancen fitowa ba. Aka ce ya saki makullin, ya saki, duk ɗaya. Bakin fatar ya kama wuyan hannun, hannun kuma ya fara kumbura. Gali ya ciro almakashinsa ya danna, ya cije, almakashi ya rabu gida biyu. Sai ya ce a ja. Leburori suka riƙe Baƙo ta ƙugu, Gali da direba suka kama kwat ɗin ta baya, aka yi ta ja ana salati. Kaki dai yadi ne, ya yi iya haƙurinsa ya kece tun daga kafaɗa har ƙasa. Gali ya tafi da baya ya zauna daɓas a cikin kwatamin gefen hanya da rabin kwat a hannu. Baƙo ya rage daga shi sai singileti, da aljihu a dunƙule a hannun dama kamar ɗan dambe.

Daidai nan motar Bature ta tsaya a bayan ta 'yan kasuwa. Ya fito da lofe a baki, dogo, jajir da zafin rana. Baƙo ya ƙame, ya ɗaga hannu zai yi jinjina, ya manta abin da ke hannun. Wani jan kare da ya daɗe yana bibiyar fatar nan ya ga an ɗaga masa ita ga mai yana ɗiga, ya yi tsalle ya cafke. Heluma ya shiga juyi, kare na lilo, 'yan kasuwa a saman mota suna riƙe ciki. Da ƙyar aka kore shi da tsumagiya.

Bature ya tambayi dalilin da hanya take kulle ga rana tsaka. Baƙo ya miƙa masa hannun, ya girgiza, makulli ya amsa daga ciki. Bature ya sunkuya ya duba, ya ƙwanƙwasa fatar da gindin lofensa, ya ciro 'yar wuƙarsa ya gwada, wuƙa ta zame. Cikin Hausarsa ta littafi ya ce, "Wane ne ya yi wannan aiki?"

Mai hankali da sai ya lafe a kwatamin nan. Gali ya taso yana ɗigar da jan ruwa, ya gyara hula.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Gali tela. Ka ga ko wuƙarka ba ta ci shi ba."

Bature ya ce lalle ya yi yawo a ƙasashe, bai taɓa ganin irinsa ba. Gali ya waiga ya tabbatar kowa ya ji. Bature ya ƙara da cewa tun da shi ya san yadda aka rufe, shi zai buɗe, kuma kada ya bar wurin nan sai hannun heluma ya fito da yatsunsa cif. Ya umarci leburori su tone ginshiƙin shingen su kwantar da shi. Gali ya tsaya yana zare ido, don dabararsa ta ƙare tare da almakashi.

Sai wata murya ta sauko daga saman motar 'yan kasuwa, a natse, ba ko ɗagawa. "A kawo bokiti a jiƙa shi. Fatar da rana ta ɗaure, ruwa ne zai sake ta."

Gali bai buƙaci ɗaga kai ba. Gwaggo Dela ce, tana dawowa daga wajen 'yarta a Kabo, zaune a kan buhun dawa, tun zuwan motar take kallo. Aka kawo bokiti. Gali ya tsuguna a bakin hanya da rigar sallarsa, yana riƙe da hannun Baƙo a cikin ruwa, Baƙo yana faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Da aka kwantar da shingen, motar Bature ta kewaye ta wuce. Ta 'yan kasuwa ta bi a hankali, don direban ya ga bai kamata a hana kowa kallo ba, mutane suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa tela sannu da aiki.

Gwaggo ta sa aka sauke ta. Ta zo ta tsaya a kansa. Gali ya riga ta buɗe baki.

"Gwaggo, a duba maganar nan da adalci. Cewa kika yi in an kawo miki ƙara ƙofar gida. Ba wanda ya je ƙofar gidanki."

"Haka ne," in ji ta. "Wannan karon ni aka ɗauko a mota aka kawo ni wajen ƙarar."

Sai da la'asar ta yi sanyi hannun ya zame ya fito, yatsun sun yi fari sun yamutse, makulli a tsakiyarsu. Baƙo ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya tafi ko waiwaye bai yi ba.

Washegari da hantsi Jibirin ya iso daga Kabo da jaki. Mutum ne mai kunya, sai sunkuyar da kai yake yana cewa shi ba da son ransa ba. 'Yan kasuwa suka taru suna jiran su ji abin da Gali zai ce, don an san ba zai rasa ba. Gali ya ɗauko keken da kansa, ya goge shi tsaf, ya ɗiga masa mai. Ya nuna wa Jibirin inda zare yake sarƙewa in an yi gaggawa, da ƙusar da ba ta son a matse ta da yawa. Ya ce kada a bar shi a ƙasa saboda raɓa, kada kuma a ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. Duk wannan a hankali ya faɗe shi, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da ya ga mangalar jakin tana da kaushi, sai ya shiga rumfa ya ɗauko bargonsa ya naɗe keken da shi, ya ɗaure da hannunsa. Baƙin ciki ya cika masa ciki, har masu jiran dariya suka ji ba daɗi suka fara zamewa.

Ya tsaya yana kallon jakin har ya sha kwana, sannan ya koma ya zauna a tabarma. Can sai ga wani baƙauye daga Madadi da yagaggen wando a hannu, bai ji labari ba. Ya yi sallama, ya leƙa rumfa, ya ce ina keken.

Gali ya share ido da hannun riga, ya gyara murya.

"Na tura shi Kabo," ya ce. "Mutanen can sun matsa, suna so ya koya musu aiki."

Baƙauyen ya jinjina kai ya wuce. Datti baduku, da ke jin su, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga hannun Gali na dama a kan gwiwa yana ta juyawa shi kaɗai a iska, kamar yadda ya saba juya keken. Ya mai da kansa kan takalmin da yake ɗinki.